Ruwa ya ci gidan kafin a ba ni makulli, ga yadda munka ƙare da mai gidan

Akwai wata magana da kusan kowa ya yarda da ita a kasuwa, wai in ka sayi abu ba ka ɗauka ba, in ya lalace a hannun mai shi to asara tashi ce. Haka na ji ana faɗi tun tasowata a Tawa, kuma haka ƴan kasuwa ke faɗi nan kasuwar Katako ta Yamai inda nike da shago. To a kan gida maganar ba haka take ba, ko a dokar boko ko a wurin malamanmu na Malikiyya, kuma ni abin a kaina ya faru, shi ya sa nike son in rubuta yadda ya gudana daki-daki saboda ƴan'uwa masu shirin sayen gida, musamman waɗanda ke Abijan ko Libiya suna aiko kuɗi a saya musu, ba su nan ba su ga abin da ake rubutawa da sunansu ba.

A 2020 ne, bayan sallar layya. Na gaji da gidan haya a Bukoki, iyali sun ƙaru, kuma duk wanda ya nemi gida a Yamai ya san wannan gefen na gari kuɗinshi ba na ƙaramin ɗan kasuwa ba ne, sai dillali ya ce mini in ƙetara gada in duba Harobanda. Ya kai ni wani gida wajen Karaje, parsel mai mita 400, akwai ginin siminti sal da ɗaki biyu inda mai gidan ke zaune da iyalinshi, sai ɗakuna uku na ƙasa a jere da ƴan haya a ciki, katanga ita ma ta ƙasa ce an yi mata shafen siminti, akwai pampo akwai kuran. Mai gidan dattijo ne ɗan Dogon Dutsi, tsohon malamin lakwal da ya yi retret, mutumin kirki wallahi, har yau ban canza wannan shaidar a kanshi ba. Shina son shi sayar don shi ƙarasa wani gini da ya fara a can bayan gari inda ɗiyanshi suke.

Takardu ban yi wasa da su ba. Na karɓi fotokopin akt da sesiyon, wato takardar filin da hukuma ke badawa, na je meri wurin masu kula da filaye anka duba lambar ilo da lambar parsel, sunanshi ne, babu wanda ya kai ƙara ko ya sa opozisiyon, na tambayi maƙwabta ko gidan gado ne sunka ce a'a da guminshi ya gina. Anka yi ciniki, ya faro daga miliyon 10 na sefa, ana albarka ana ƙari har ya sallama a miliyon 8. Ina da 5 a hannu, sauran 3 suna cikin kaya da bashin da nike bin mutane, shi kuma dama bai shirya tashi ba sai an rufa mishi kwano a sabon ginin, don haka abin ya yi wa kowa daidai: in ba da 5 yanzu, ƙarshen Satumba in cika 3, ranar shi fita shi ba ni makulli da asalin akt ɗin mu je a yi mutasiyon, wato a sauya sunan da ke takardar zuwa nawa.

Takardar da munka yi shafi guda ce, irin atestasiyon da vant ɗin nan da ake bugawa a wurin masu kwamfuta na bakin titi. Ni wane na sayar wa wane gidana mai lamba kaza a kan kuɗi kaza, na karɓi kaza, saura kaza ranar kaza. Shi ya sa hannu, na sa hannu, shaidu biyu nashi biyu nawa, anka manna tambur anka kai anka yi legalize, dillali ya karɓi la'adarshi, anka yi fatiha. Ku riƙe kalmar nan "na sayar", ba a rubuta "zan sayar" ba, kuma babu layi ko guda da ya ce in wani abu ya samu gidan kafin ranar makulli ga wanda zai ɗauka.

Da munka fito sai dattijon ya kira ƴan hayan nan uku ya ce musu ga sabon mai gida, daga wannan watan shi za ku riƙa ba kuɗin haya. Na ce Baba a bari har ka tashi mana, ya ce a'a ɗana, gida ya zama naka, ni ma yanzu baƙonka ne. Ƙarshen Agusta sunka kawo mini jika 30, kowane ɗaki jika 10, na karɓa na rubuta musu rasi.

Wanda bai zauna Yamai ba bai san kogin Isa sau biyu shike cika a shekara ba. Akwai cikar lokacin sanyi, wajen Disamba zuwa Janairu, ruwan da ya taso tun daga Gine ya ratso Mali, wannan sannu-sannu shike zuwa ana ganinshi. Sai kuma ta damina, Agusta da Satumba, jan ruwa wanda kogunan Sirba da Dargol da Goruwal ke kwararowa daga wajen Burkina, wannan shi ne mai ɓarna don cikin ƴan kwanaki sai ya hau. Masu auna ruwan in ya kai santimita 620 a Yamai sai su ce an shiga jan gargaɗi, to a farkon Satumba na 2020 sai da ya kai 700, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan. Dig ɗin da ke tare ruwa wajen Lamorde ya fashe, ruwa ya shiga Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Zarmagande da sauran unguwannin gefen, mutane sunka fita da abin da hannu ya iya ɗauka, anka zuba su cikin azuzuwan lakwal.

Ɗan dattijon ne ya kira ni da asuba shina cewa ruwa ya shigo, suna fitar da tsohuwa. Alhamdulillahi ba a rasa rai ba a gidan. Lokacin da na samu shiga sai da jirgin ruwa, titin da na bi da babur ran ciniki shi ne masunta ke tuƙa mutane a kai. Abin da ke kashe ginin ƙasa ba ƙarfin ruwan ba ne kaɗai, zaman da ya yi ne, in ya kwanta a gindin bango kwana da kwanaki sai ƙasar ta jiƙe daga ƙasa ta narke, bangon ya zauna, rufi ya bi shi. Da ruwan ya janye ɗakunan haya uku babu ko guda a tsaye, katanga ta kwanta duka, masai ya rufta, ginin simintin shina nan amma ya tsage ta kusurwa biyu, daɓen ya lotsa, waya da mita duk sun sha ruwa. Na tsaya a tsakar gidan ƙafata cikin taɓo ina lissafin miliyon 5 da na tara shekara da shekaru, ga kuma 3 da ake jira in kawo ƙarshen wata, wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Da farko babu wanda ya tada maganar kuɗi, jaje kawai, na kai musu shinkafa da tabarmi a lakwal ɗin da suke. Amma kowa ya san maganar tana nan tafe. A Katako duk wanda na gaya wa sai ya ce mini kai ka je ka karɓo kuɗinka, ba a ba ka makulli ba, asalin takarda tana hannunshi, shi ke kwana a ciki, ta yaya za a ce gidanka ne. A can kuma ɗiyan dattijon suna cewa an yi ciniki an yi fatiha, Baba ya sallama, ƙaddara ta faɗa wa mai gida kuma mai gida ni ne, in cika 3 ɗin kawai. Miliyon 5 ɗin ma babu su, sun shige siminti da kwano da ƙarfe a sabon ginin. Babbansu ya kira ni munka yi magana mai zafi a waya, shi shina ganin ina son in gudu in bar tsoho da kango, ni ina ganin ana son a sa ni biyan kuɗin gidan da babu shi, kuma gaskiya kowannenmu tsoro ne ke magana a bakinshi.

Wani abokina da ke aiki a wani biro ya ce kafin komai in nemo wisiye, ma'aikacin shari'a da kotu ke karɓar shaidarshi a rubuce, shi zo shi yi konsta, wato shi rubuta halin da gidan ke ciki da hotuna da kwanan wata, tun kafin a fara kwashe ƙasa ko ɓarayi su cire kwano da ƙofofi. Na yi hakan, na kuma gaya wa dattijon tun kafin in yi don kada shi ɗauka ƙara nike shirin kai shi, ya turo ɗanshi guda ya tsaya. Wannan takardar ta yi amfani daga baya fiye da yadda na zata, don lokacin da anka zo lissafin ɓarna babu mai cewa ai ɗakin nan dama a tsage shike ko ai katangar rabi ce ta faɗi. Mai unguwa kuwa lokacin kanshi ya yi zafi da rajistar waɗanda ruwa ya kora, ya ce mana ku je kowa shi tambayi masana, in kun dawo mu zauna.

Sai na tafi da takardata wurin notar, wato masu rubuta ciniki da yarjejeniya bisa doka. Na shiga da ƙarfin gwiwa don ina ganin gaskiya a fili take. Matar ta karanta shafin nan guda a nitse, ta tambaye ni ko akwai wata takarda bayan wannan na ce babu, sai ta jawo kod sibil, littafin dokar mu'amala, ta buɗe mini. Ta ce dokar da muke aiki da ita a nan mun gaje ta daga Faransa, kuma aya ta 1583 cewa ta yi ciniki ya kammala tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma abin ya zama mallakar mai saye, da zarar sun daidaita a kan abin da kuma kuɗinshi, ko ba a miƙa abin ba, ko ba a biya kuɗin ba. Sai aya ta 1138 ta ɗora cewa tunda ka zama mai abu to hatsarin da zai same shi ma a kanka shike. Na ce Madam to makulli fa, to akt ɗin da ke hannunshi har yanzu da sunanshi fa? Ta ce Alhaji makulli miƙawa ce, mutasiyon kuma don hukuma da sauran jama'a su san mai gida ya canza ne, amma tsakaninka da shi tun ranar da kunka sa hannu a kan "na sayar" gidan ya tashi daga hannunshi, don haka in anka je gaban alƙali abin da ya fi yiwuwa shi ne a ce ka cika miliyon 3 ka karɓi gidan yadda ruwa ya bar shi.

Na daɗe a wurinta don na yi ta jefa mata tambaya, kuma ta yi haƙuri da ni. Abin da na fahimta shi ne akwai ƙofofin da asara ke komawa kan mai sayarwa, sai dai babu wadda ta buɗe mini. In da gidan ya riga ya rushe kafin a ƙulla cinikin, misali kana Abijan ana ciniki ta waya alhali ruwa ya ci gidan tun jiya ba ku sani ba, aya ta 1601 ta ce in duka ya halaka cinikin babu shi, in wani sashe ne kana da zaɓi ka fasa ko ka karɓi abin da ya rage a rage maka kuɗi. In da an rataya cinikin a kan wani sharaɗi da bai cika ba tukuna, kamar a ce sai banki ta ba ni bashi, aya ta 1182 ta bar hatsarin a kan mai sayarwa har sharaɗin shi cika. In da ɓarnar daga sakacinshi ta fito, a ce ya bar gaz a buɗe gobara ta tashi, to shi zai biya don wajibi ne shi kula da gidan har ranar miƙawa. In da kuma ranar fitarshi ta wuce ya ƙi fita har na aika mishi wisiye da takardar gargaɗi, hatsarin ya koma kanshi, ko da yake ta ce nan ma yana iya kare kanshi da cewa ruwan nan ko wa ke cikin gidan sai ya ci shi. Mu kuwa ranar ba ta ma zo ba, kuma kogi ba laifin kowa ba ne.

Na tambaye ta to al'ada fa, ai kotunanmu suna aiki da al'ada. Ta ce e, a kan gona ko filin da babu takardar hukuma a kanshi alƙali na bin al'adar masu shari'a har shi zauna da masu ba shi shawara kan al'adar, amma gidan da ke cikin lotisma, wato filayen da hukuma ta yanka, da akt da sesiyon, ga kuma rubutaccen ciniki, in sa rai rubutacciyar doka za a ɗauko. Ta kuma tambayi ko gidan na da asirans, don a dokar inshora ta ƙasashen CIMA, ƙungiyar inshora ta wasu ƙasashen Afirka da Nijar ke ciki, in an sayar da abu inshorar tana bin sabon mai shi. Babu, kuma ni ban san gidan talaka guda a unguwar da ke da ita ba.

Na fito raina a ɓace, na ce a zuciyata wannan dokar Nasara ce, bari in je wurin malam. Akwai wani malami ɗan Adar a Lazare da muke ɗaukar karatu wurinshi da azumi, na same shi bayan la'asar na kwashe labari na gaya mishi, ban ɓoye komai ba. Bai yi saurin ba ni amsa ba, tambayoyi ya fara. Kun ga gidan da idonku? An san kuɗin, an san ranar cikawa? Akwai wanda ya ce a ba shi kwanaki shi yi shawara, in ya ga dama shi fasa? Na ce babu, yankakken ciniki ne. Miliyon 5 ɗin kafin alƙalami ne irin wanda in ka fasa ya ci, ko cikin kuɗin gida ne? Na ce cikin kuɗin gida ne. Sai ya ce to wa ya karɓi hayar watan da ya wuce? Na yi shiru kaɗan na ce ni ne, Malam.

Ya ce to Alhaji ka ba kanka amsa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce amfanin abu yana tare da lamuninshi, wanda ke cin moriyar abu shi ke ɗaukar asararshi. Ya ce a mazhabar Imamu Malik in ciniki ingantacce ne yankakke, lamuni na komawa kan mai saye da ƙulla cinikin, ban da abin da sai an auna ko an ƙirga kamar hatsi, wannan shina kan mai sayarwa har a auna maka. Ya ba ni misali da rago: ka sayi ragon layya takamaimai ka nuna shi, kunka gama ciniki, ka ce a bar shi nan gobe ka ɗauka, da dare ya mutu ba da sakacin kowa ba, ragon wa ya mutu? Na ce to ai shi ya riƙe gidan har in cika kuɗi. Ya ce abin da anka riƙe don jiran kuɗi hukuncin jingina gare shi, kuma gida ba abin da ake ɓoyewa ba ne balle a tuhumi mai riƙon, kowa ya ga ruwa ne ya ci. Ya ce da kun yi cinikin zaɓi, wanda a gida ana iya ba da kamar wata guda, da lamunin na kan mai sayarwa cikin kwanakin, haka in da cinikin ɓatacce ne da bai koma kanka ba sai ka karɓi gidan a hannu. Bai ɓoye mini ba cewa Shafi'iyya da Hanafiyya suna barin lamuni a kan mai sayarwa har a miƙa, amma ya ce mu nan da Malikiyya muke aure muke rabon gado, bai kamata sai yau da abin ya zo kanka ka tafi neman wata mazhaba ba.

Maganar ta yi mini nauyi amma ta kwantar mini da wani abu a zuciya, don na daina ganin dattijon a matsayin wanda ke son cuta ta. Kafin in tashi malam ya ƙara da cewa hukunci daban, kyautatawa daban, shi ma mai sayarwar ana so shi sassauta wa ɗan'uwanshi da musiba ta samu, kuma ya ce in an sa ranar zama in gaya mishi zai zo.

A ƙofar gidan mai unguwa munka zauna, ni da wana da shaiduna, dattijon da ɗiyanshi biyu da shaidunshi, da malam, da dillali. Ni na fara magana, na ce Baba na je na tambaya ta boko da ta addini duka sun ce gidan nawa ne, asara tawa ce, ban zo neman miliyon 5 ba kuma ban ce ba ka bi na 3 ba, amma wallahi ba ni da ƙarfin in biya 3 in kuma tada gini a lokaci guda, kasuwa ma shekarar korona ce kowa ya san yadda take, iyakoki a rufe. Babban ɗan ya fara cewa ai su ma sun yi asara, gadaje da firiji da buhunan hatsi da takardun Baba na shekara talatin duk sun tafi, kuma gaskiya ya faɗa. Dattijon ya ɗaga mishi hannu ya yi shiru. Ya ce ɗana, gidan da na nuna maka ba shi ne zan ba ka makullinshi ba, ko doka ta ba ni ni ba zan iya cin kuɗin ɗakunan da babu su ba in kwana lafiya.

Anka ɗauko konsta ɗin wisiye da lissafin wani magini da mu duka munka yarda da shi, ya ƙiyasta tada katanga da ɗakunan da gyaran tsagar da masai zai ci wajen miliyon 3. Mai unguwa ya ce a raba biyu. Nan ne anka ɗan ja, ɗiyan suna cewa miliyon guda za su iya bari don ba a gama rufin sabon gidan ba kuma tsofaffi na kwana a aji, wana shina cewa a bar biyu, malam bai sa baki a kan adadi ba ko kaɗan, ya ce wannan kyauta ce ba a yi wa mai kyauta iyaka. Dattijon da kanshi ya yanke, ya ce ya bar miliyon guda da rabi, sauran guda da rabi in ba da jika 500 yanzu don a rufa musu ɗaki su bar lakwal kafin yara su koma karatu, miliyon guda kuma in biya cikin shekara. Dillali ma, Allah shi saka mishi, ya mayar da wani abu daga la'adarshi ba tare da an roƙe shi ba.

Wannan karon a wurin notar munka rubuta sulhun, da adadin da anka yafe da ranakun biya da cewa babu wanda zai sake tada maganar, har da ɗiyan sunka sa hannu a matsayin shaidu, don dattijo yau shina nan gobe sai magada, kuma magada ba su san fatiha ba sai takarda. Asalin akt ɗin Allah ya taimaka tsohuwa ta fita da shi cikin leda a ƙugunta daren ruwan, ba don haka ba da sai an shiga neman duplikata. Notar ta riƙe shi a wurinta har na gama biya, sannan anka kai dosiye anka yi mutasiyon ya fito da sunana. Ginin kuwa sannu-sannu na tada shi, na cika tsakar gidan da jar ƙasa kamiyo bayan kamiyo, na ɗaga fandesho da dutse da siminti, ban sake sa bulon ƙasa ko guda ba. Lokacin ana ta maganar hukuma za ta tada mutane daga wuraren da ruwa ke ci, wannan ma wani hatsari ne da mai sayen gida a bakin kogi ya kamata shi tambaya a meri kafin shi ba da ko dala.

Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne gyaran abin layi biyu ne kawai. Notar ta ce dokar nan ta 1583 ba dole ba ce, masu ciniki na da ikon su rubuta akasinta, kuma su notar kusan kullum haka suke yi: gidan na nan mallakar mai sayarwa kuma duk abin da ya same shi a kanshi ne har ranar da anka cika kuɗi anka miƙa makulli, in ya lalace kafin ranar mai saye na da zaɓi shi karɓi kuɗinshi ko a rage mishi gwargwadon ɓarna. Masu buga atestasiyon a bakin titi ba su san da wannan ba, tsohon fayil guda gare su suna canza suna da lamba, dillalai kuma ba su son abin da zai tsawaita zama, kuma mu ƴan kasuwa muna ganin kuɗin notar kamar asara ce alhali muna miƙa miliyoyi a kan shafi guda. Na koma na tambayi malam ko irin wannan tsari ya halatta, ya ce abin da ya fi tsabta shi ne ku yi alkawari tukuna, kuɗin a ajiye wurin amini, a ƙulla cinikin kanshi ranar da za a miƙa gida.

A 2024 ƙanena da ke Abijan ya aiko in saya mishi gida a Talaje, shekarar da ruwa ya kashe mutum sama da 300 a ƙasar nan, sama da miliyon guda sunka shiga halin ambaliya, har anka ɗaga komawa lakwal zuwa ƙarshen Oktoba. Cikin Yuli anka daidaita kuɗi, mai gidan na neman wata biyu kafin shi tashi, wato daidai tsakiyar damina. Na ce to alkawarin sayarwa za mu rubuta wurin notar, kuɗin su zauna a wurinta, gidan naka ne da duk abin da zai same shi har ranar makulli. Ya ɗan ji haushi da farko, ya ce ko ina yi wa gidanshi fatan rushewa ne, sai na ba shi labarin Karaje tun daga farko. Ya yi tunani ya ce ya yarda, amma a ƙara layi guda, hayar shagon da ke jikin gidan tashi ce har ranar da zai miƙa makulli. Na kira ƙanena a waya na gaya mishi, ya ce a rubuta mishi hakan, anka rubuta munka sa hannu.